Iyafis mai waya, Bluetooth, sifika ko sitikar kariya: wanne zai fi rage maka tururin waya?

Yayata sana'ar atamfa da leshi take yi a waya, tun safe in ta sallami yara makaranta wayar nan na maƙale a kunnenta har la'asar, wannan ta kira daga Gombe, waccan daga Maraɗi tana so a ɗora mata kaya a mota. Kwanakin baya ta kira ni hankalinta a tashe, wai an turo wata murya a gurup ɗinsu na matan unguwa ana cewa tururin waya yana dafa ƙwaƙwalwa, ita kuma dama kunnenta na dama yana ɗaukar zafi in ta jima tana magana. Ta ce "auta, me zan saya ne? An ce akwai wata sitika da ake mannawa a bayan waya, wata ƙawata ta ce in sayi na kunnen nan marar waya, wata kuma ta ce a'a shi ne ma ya fi illa tunda cikin kunne yake shiga." Na ce Yaya ki ba ni kwana biyu. Abin da na faɗa mata daga baya shi ne zan rubuta a nan, don na san ba ita kaɗai ce take wannan tambayar ba.

Kafin a zo kan me za a saya, sai an fara sanin me tururin yake yi wa ƙwayoyin halittar jiki, in ba haka ba mutum zai kashe kuɗi ne kan tsoro kawai. Shi wannan tururin, wato abin da ake kira radiyeshin, iri biyu ne kuma tazararsu ba kaɗan ba ce. Akwai irin na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti da wani ɓangare na hasken rana mai ƙona fata, wannan yana da ƙarfin tsinka DNA, wato zaren gadon nan da ke cikin kowace ƙwayar halitta, kuma daga irin wannan tsinkewar kansa take iya farawa. Sai kuma na waya, wanda igiyar rediyo ce, dangin wadda akwatin rediyonka yake kamawa, tana tafiya ne a megahaz 900, 1800, 2100, ita 5G ɗin da aka yi gwanjonta a Najeriya a ƙarshen 2021 tana wajen 3500. Kowane ɗigo na wannan igiyar ƙarfinsa bai ma kai na hasken ƙwan lantarkin ɗakinka ba. Ka jefi tulu da auduga sau dubu ba zai tsage ba, dutse ɗaya kuwa ya isa, toh haka bambancin yake. Abin da aka tabbatar igiyar waya tana yi wa nama shi ne ɗumama shi, kuma ɗumin da ke isa ƙwaƙwalwa wajen kashi ɗaya cikin goma na digiri ne, jini ma yana kwashe shi. Zafin da Yaya take ji a kunne yawancinsa na batir ne da jikin wayar da ta danne fata ta hana iska shiga.

Amma wallahi ba zan ce muku magana ta ƙare a nan ba, don da ta ƙare da masana ba su shafe shekara kusan talatin suna bincike ba. A ɗakunan gwaji an sha zuba ƙwayoyin halitta a faranti a haska musu igiyar waya, wasu suka ce sun ga ƙaruwar sinadaran nan masu cin ƙwayar halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, wasu suka maimaita gwajin ba su ga komai ba, kuma an lura yawancin gwaje-gwajen da aka tsare zafin farantin da kyau su ne ba sa ganin komai. A 2011 wata likita a Amurka, Nora Volkow, ta sa wa mutum 47 waya a kunne na minti 50, ta ga ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kusa da eriya ya ƙara cin sukari da kusan kashi 7 cikin ɗari, ita da kanta ta ce wannan bai nuna cuta ba. A shekarar dai, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta saka igiyar waya a rukunin 2B, ma'ana mai yiwuwa ne tana jawo kansa amma hujjar ba ta da ƙarfi, rukunin da ruwan ganyen alobera ma yake ciki. A 2018 gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon wani gwaji da ya ci kusan dala miliyan 30, an haska wa ɓeraye igiyar 2G da 3G a duk jikinsu awa 9 kullum har shekara biyu, da ƙarfin da ya wuce abin da ɗan Adam ke samu, aka ga ƙari, wato tsiron cutar kansa, a zuciyar wasu mazan, ba a samu hujja bayyananna a matan ba, kuma abin mamaki mazan da aka haska ɗin sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai.

A kan mutane kuwa, babban binciken Interphone na ƙasashe 13 da ya fito a 2010 bai ga ƙaruwar kansar ƙwaƙwalwa a jimlar masu waya ba, sai dai a rukunin waɗanda suka fi kowa magana, awa 1,640 zuwa sama, an ga alamar ƙaruwarta, masu binciken suka ce ba za su iya rantsuwa a kai ba saboda marar lafiya yakan zuzuta yawan wayar da ya yi a baya. Ni dai wannan adadin ne ya tsaya min a rai, don in ka raba awa 1,640 a shekara goma bai wuce rabin awa a rana ba, Yaya kuwa kafin azahar ta ninka wannan. Bayan nan an bi mutum sama da dubu 350 a Denmak, an bi mata sama da dubu 770 a Birtaniya, duk ba a ga komai ba, sannan a 2024 wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi ya tattara bincike 63 daga 1994 zuwa 2022 ya ce babu alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa, har ga waɗanda suka haura shekara goma suna amfani da ita. Saboda haka ra'ayina shi ne babu dalilin tashin hankali, amma in akwai hanyar rage tururin da ba za ta ci maka komai ba, mai yawan waya ya bi ta. Toh yanzu sai a auna hanyoyin.

Kara waya a kunne kai tsaye shi ne ya fi kowanne kai tururi ga kai, wannan ba gardama, eriya tana manne da fata. Sai dai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, waya ba ta fitar da ƙarfi iri ɗaya kullum. In sabis ya cika tana rage murya ne sosai, in sabis ya koma sanda ɗaya sai ta buɗe iya ƙarfinta tana neman ƙarfen sabis, kamar mai ƙwala wa mutum kira daga wancan bakin gona. Shi ya sa kira a cikin mota a kan hanyar ƙauye, ko a ƙuryar ɗaki mai rufin kwano, ko cikin shago can tsakiyar kasuwa, ya fi fitar da tururi a kan kiran da aka yi a tsakar gida. Kuma shi ya sa ƙarfen sabis ɗin unguwarku da ake ta tsoro yana rage wa kanka tururi ne ma, tunda wayarka ba ta buƙatar ihu. Wani abin kuma, dattawanmu da yawa sun ɗauka ƙaramar wayar nan mai madannai da tocila ita ce lafiya lau, babbar mai shafawa ita ce masifa. A zahiri kusan akasin haka ne wajen kira, don ƙaramar a 2G take magana, ita kuwa 2G tana iya kai wat 2 a ƙololuwa, matsakaicinta kwatan wat in ta buɗe wuta, alhali 3G da 4G suna daidaita ƙarfinsu da sauri ƙwarai, yawancin lokaci abin da suke fitarwa ɗan ƙanƙanin kaso ne na wancan. Sannan ga al'adar matanmu ta cusa waya cikin hijabi ko ɗankwali a ci gaba da tuƙin tuwo ana hira awa guda, wannan ita ce hanya mafi kai tururi da zafi ga kunne, na kuma faɗa wa Yaya haka ƙarara don ita ma tana yi.

Sifika ita ce ta fi kowacce hanya rage tururi kuma kyauta ce. Da zarar ka janye waya daga kanka ko da taƙi ɗaya ne abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya faɗi warwas, in ka ajiye ta kan tabarma ko tebur kuwa kusan babu. Matsalarta ba ta lafiya ba ce, ta zama da mutane ce. Mai ciniki ba za ta sa kwastoma a sifika tana mata ragi a gaban wata kwastomar ba, a gidan yawa ba kowace magana ake so kishiya ko yara su ji ba, a kasuwa ko tasha ma ba za ka ji abin da ake faɗa ba. Kuma dan Allah in za ka sa mutum a sifika ka gaya masa, amana ce. Don haka sifika ta ɗaki ce, hira da Inna ko ƴan uwa na nesa, ba za ta ɗauke wa ɗan kasuwa aikin yini ba.

Iyafis mai waya shi ne nake ganin mutane sun raina alhali shi ya fi dacewa da yanayinmu. Shi kansa ba ya watsa wata igiya, sauti kawai yake kawowa, wayar kuma tana can nesa da kai. Akwai tsohuwar maganar da har yanzu take yawo cewa wai zaren yana zama eriya ya zuƙo tururi ya zuba cikin kunne, asalinta wata mujallar masu sayayya ce a Birtaniya ta faɗa a 2000, amma gwajin da gwamnatin ƙasar ta sa aka yi a shekarar ya nuna yana rage abin da ke isa kai ne sosai. Faransa ma ta shafe shekaru tana tilasta a haɗa wa mai sayen waya da iyafis a cikin kwali saboda wannan dalilin, sai wajen 2022 aka janye dokar don rage sharar kayan lantarki. Ga araha, ga shi ba ya son caji, wanda duk mai zama inda wuta take wuya ya san darajar wannan. Aibinsa kuma kowa ya sani, zaren yana tsinkewa daga wuya, kunne ɗaya ya mutu, yana sarƙewa a mayafi, sabbin wayoyi da yawa sun cire ramin ma sai ka nemi mai bakin caji. Kuma akwai kuskuren da ke ɓata amfaninsa gaba ɗaya, mutum ya sa iyafis sannan ya cusa wayar a aljihun gaban riga ko cikin rigar mama tana manne da jiki, kaga ka ɗauke daga kai ka mayar ƙirji kenan. A riƙe ta a hannu, ko a jaka, ko a ajiye a gefe.

Sai Bluetooth, wanda a kansa aka fi rikita Yaya. Gaskiya ne yana watsa igiya, kuma gaskiya ne cikin kunne yake zama. Amma a duba tazarar da yake aika saƙo, shi daga kunnenka zuwa aljihunka ko tebur ne, ƴan mitoci, ita kuwa waya tana neman ƙarfen da ke iya kai kilomita da yawa. Irin Bluetooth ɗin da aka fi sani ƙarfinsa miliwat 2.5 ne (miliwat dubu ke yin wat ɗaya), wato in ka auna da kwatan wat ɗin 2G ya gaza sau ɗari, akwai masu ƙarfi da doka ta ba su har miliwat 100 amma na kunne ba sa zama a wannan matakin. Don haka wadda ta ce ya fi kara waya illa ba ta faɗi daidai ba, yana ƙasa da ita nesa ba kusa ba, yana dai sama da mai zare da sifika kaɗan. Inda nake jin tsoronsa ba tururi ba ne ko kaɗan. Saboda daɗinsa mutum yakan bar shi a kunne yini guda, daga kira zuwa karatu zuwa bidiyo, murya a ƙure, sai lokacin alwala ake cirewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraren, kuma ma'auninta shi ne ƙarfin sauti desibel 80 na awa 40 a sati, in ka ƙara ƙarfi lokacin yana raguwa da sauri. Ƴan ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti in suka mutu ba sa sake tsirowa, wannan illa ce tabbatacciya ga ƙwayoyin halitta, ba mai yiwuwa ba, kuma ba na jin ana turo murya a gurup a kanta. Ga masu tuƙi kuma, direba ko ɗan adaidaita ko ɗan acaɓa, hukumar ta ce mai waya yana tuƙi haɗarinsa ya ninka kusan sau huɗu kuma sa na kunne bai rage wani abin kirki ba tunda hankalin ne ya rabu. Ƙari da haka ga tsada in kana son mai kyau, ga caji, ga saurin ɓata, masu arahar kuma bayan ƴan watanni batirin ya daina riƙewa.

Sitikar kariya kuwa, Yaya na ce mata ko kyauta aka ba ki kar ki ɗora ranki a kai. Ku yi tunani da kanku, tururin da ake cewa za ta tare shi ne fa saƙon da ke haɗa wayarka da ƙarfen sabis. In ta tare shi da gaske kira ba zai shiga ba, in kira yana shiga lafiya toh ba ta tare komai ba. Mafi muni shi ne ta tare rabi, don a nan wayar za ta ɗauka sabis ne ya yi rauni sai ta ƙara wuta, batir ya ƙare da wuri, tururin ya ƙaru. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta gurfanar da masu sayar da irin wannan tun 2002 kan yaudara. Haka rigar waya mai rufin ƙarfe da ake cewa ta kariya ce, hukuncinsu ɗaya. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu tallar nan marasa ƙarfi suke ci, uwa mai tsoron lafiyar ɗanta za ta cire kuɗin cefane ta saya.

Akwai masu cewa toh a canza waya mana a sayi mai ƙarancin SAR. Shi SAR ma'aunin yawan ƙarfin da nama ke zuƙa ne, Amurka ta ƙayyade wat 1.6 a kowane kilo, Turai wat 2 ga kai da gangar jiki, 4 ga hannu da ƙafa. Ana bibiyar abin da gaske, a Satumbar 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 saboda ta auna 5.74 a gwajin hannu, sai da Apple ya gyara da sabunta manhaja. Wasu wayoyin Android in ka danna *#07# za su nuna maka nasu. Amma lambar ta lokacin da waya ta buɗe iya ƙarfinta ce, ba abin da kake samu kullum ba, waya mai babbar lamba da ke kama sabis da kyau tana iya fin mai ƙaramar lamba sauƙi a aikace. Ban ga dalilin sayar da waya mai lafiya don wannan ba, abin da zan ce kawai a guji jabun da ba su bi ta tantancewar hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ba, tunda su ba wanda ya auna su.

Maza kuma da ke tambayar aljihun wando da haihuwa, a 2023 an fitar da bincike a Siwizalan kan samari 2,886, waɗanda ke taɓa waya fiye da sau 20 a rana an samu yawan ƙwayoyin maniyyinsu ya gaza da kusan kashi 21 cikin ɗari a kan masu amfani da ita jefi-jefi, sai dai bambancin ya fi fitowa a shekarun 2G ya yi ta raguwa da zuwan 3G da 4G, kuma ba a ga alaƙa da ajiye ta a aljihu ba. Wanda yake neman haihuwa ya mayar da ita jaka ko tebur in yana zaune, bai yi asarar komai ba. Wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya shi kam doka ce daga likitoci, tazarar santimita 15 tsakanin waya da na'urar, kar ta kwana a aljihun ƙirji. Yara ma tun 2000 wani kwamitin masana a Birtaniya ya ba da shawarar a taƙaita musu kiran da ba dole ba don ƙoƙon kansu bai yi kauri ba, in za su gaisa da kaka a sa musu sifika.

Yaya dai iyafis mai zare ta saya guda biyu, ɗaya a jaka ɗaya a ɗaki, kuɗinsu bai kai katin da take sawa a sati ba. Da daddare in tana hira da Inna sifika take sawa ta ajiye wayar kan gado, in sabis ya yi ƙasa a ɗaki sai ta fito tsakar gida. Na kuma roƙe ta ta daina kwana da ita ƙarƙashin filo tana caji, don wannan ba maganar tururi ba ce, batir ne ke zafi babu iska kuma yana iya kamawa da wuta. Jiya ta ce min kunnen ya daina zafi, saura wuyanta da ya saba karkacewa gefe ɗaya ko babu waya.